Kawuna da Mutumin Tagulla

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, bayan ya sha shayi ya yi ƙorafin an cika masa sukari. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi Baƙi'a. Da magariba aka jera kujeru a ƙofar gidansa da ke unguwar Ƙurban, aka fara zagayawa da gahawa da dabino, kamar yadda ake zaman makoki a nan Madina.

Na daɗe ina koyarwa a aji, don haka kunnena ya saba da sauraron layin baya. Mai gaisuwa zai zo gabanmu ya ce Allah Ya girmama lada, Allah Ya ji ƙan sa, mu amsa. Sai ya koma kujerarsa ya karɓi finjali, a nan ne zai faɗi ainihin abin da ya sani game da mamaci.

Maƙwabcinsa mai shagon kayan miya, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina da ƙafa, ya ce, "Mutumin kirki, wallahi. Amma sai da ya sa na sauke allon shagona aka sake rubutawa, wai ɗigo ɗaya ya ɓace a rubutun. Kullum ya zo wucewa sai ya tsaya ya kalli allon ya girgiza kai, yani kamar an yi masa rasuwa."

Wani dattijo ɗan Damagaram ya ce wa na kusa da shi, "Shi ne fa wanda ya yi karatu a ƙasar kwaminis."

"Ya dawo da sallarsa?"

"Cif. Sai dai ya haɗo da son miyar kabeji."

Amininsa, wani tela Bahaushen Sudan da muke kira Ammu, ya bari sai da aka kusa tashi. Ya dubi kujerar da ba kowa a gefensa ya ce, "To ni yanzu da wa zan yi musu?"

Can sai wani saurayi daga cikin abokan aikin babban ɗan Kawu ya karkata ga na kusa da shi, ya yi tambaya da Larabci, da irin muryar nan ta ƙasa-ƙasa da kowa ke ji. Wai gaskiya ne a ɗakin da marigayin ya cika akwai gunki? Ai an ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da aka ajiye irin wannan. Ba da mugunta ya faɗa ba, na tabbata. Yana shekarun da ilimi ke yi wa mutum ƙaiƙayi a baki ne. Amma babban ɗan Kawu yana tsaye a bayansu da butar gahawa. Na ga finjalin da ke hannunsa ya cika ya zubo har kan takalminsa, bai sani ba.

Gaskiya ne kuwa, akwai abin. Ba za a iya ba da labarin Kawu a tsallake shi ba.

Mutum-mutumi ne na tagulla, tsawonsa bai wuce kamu guda ba. Wani mutum ne a tsaye cikin doguwar riga, hannu ɗaya riƙe da takardar da ya zaro daga injin bugu, ɗayan a kan allon da ake jera haruffa. Ƙaramin kwafi ne na wani babba da ke tsaye a birnin Mosko, wanda aka kafa don girmama mutumin da suke ɗauka shi ya fara buga musu littafi. Yana zaune a can saman kantar littattafan Kawu, inda sai da kujera hannu ke kaiwa. Kuma yana sanye da hula. Hula ce ta kwarashi, an ja ta daga tsakar kai har kafaɗa, yadda ba a ganin ido, ba a ganin gemu. Duk wanda ya shiga ɗakin sai ya ɗaga kai ya kalla, ya sake kallo, sannan ya yi kamar bai gani ba.

Kawu ya bar Kano yana saurayi, aka tura shi koyon aikin ɗab'i a garin Lviv, wanda ke cikin Yukiren a yau. Ya ce abu biyu suka ba shi mamaki a can, sanyi da gumaka. Sanyin ya saba da shi. Gumakan kuwa bai daina mamakinsu ba har ya bar duniya. Ba na sojoji a kan doki ba, waɗannan ya ce ko'ina akwai su, kuma duk dokinsu ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ce mutane sun narka tagulla mai nauyin raƙumi don su tuna da mai buga littafi, mutumin da hannunsa ke baƙi da tawada, wanda a Kano da ya sani ba a ma ba shi tabarmar gaba a wurin ɗaurin aure. Malamarsu ta jera haruffan dalma, wata tsohuwa da ya ce ba ta taɓa yi masa murmushi ba, ita ta miƙa masa ƙaramin ranar da ya gama, ta ce ya tafi da shi ƙasarsu ya nuna musu.

Ya tafi da shi Kano, ya yi aure, sannan wata maɗaba'a a Madina ta ɗauke shi aikin kula da injuna da duba kurakurai. A nan rigimar ta samo asali. Ya san abin ba zai wuce masu binciken kaya ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta cika wani babban gwangwani da daddawa don guzuri. Kawu ya naɗe mutuminsa a safa ya cusa shi tsakiyar daddawar, bai gaya mata ba. Mai bincike ya buɗe gwangwanin, ya shaƙa sau ɗaya, ya rufe da sauri ya yi musu nuni su wuce. Sai da suka kwana biyu a Madina Inna ta sa hannu za ta ɗebi daddawa ta kamo ƙafar mutum.

Daga ranar ta sa masa suna "baƙonka". Shi kuma yana kiran sa "abokin sana'a". Ta ce a fitar da shi, ba za ta zauna da gunki a garin Manzo ba. Ya ce ba bauta masa yake ba, kallon sa yake. Aka kai maganar gaban wani malami a unguwa, malamin ya ce abin mai sauƙi ne, a sare kan, idan babu kai ya zama kamar itace. Kawu ya yi godiya, suka fito. A hanya ya ce wa Inna, mai buga littafi marar kai ai ya ga irinsu da yawa a wurin aiki, ba zai ƙara wani a gida ba.

Inna ta rasa yadda za ta yi, ta ɗauko zare da kwarashi ta saƙa hula ta ƙwama masa. Ta ce tunda ya ƙi fita, to ya rufe ido, gidan nan akwai mata. Kowace sallar layya takan hau kujera ta sauya masa sabuwa, tana yi tana mita, wai don kada ƙura ta ba ta kunya gaban baƙi. Na san shi da koriya, na san shi da mai ruwan toka, akwai shekarar da ya yi ta da ja mai tuntu.

Sau ɗaya na taɓa ganin fuskar. Lokacin ina sabon zuwa Madina neman aikin koyarwa, ina kwana a ɗakin littattafan kafin in sami wuri a unguwar Bani Harisa. Kawu ya leƙa ya tabbatar Inna na kicin, ya hau kujera ya ɗaga hular. Dattijo ne mai gemu, ya ɗaure gashinsa da siririn maɗauri a goshi, ya sunkuyar da ido kan takardar da ke hannunsa.

"Malam ƙarami," haka yake kira na, "me kake gani yake yi?"

Na ce karatu yake yi.

"Ba karatu ba ne. Kuskure yake nema. Dubi girarsa. Wanda ke karatu don jin daɗi ba haka yake haɗa gira ba. Wannan ya san akwai shi a shafin, bai dai gan shi ba tukuna."

Ya mayar da hular ya sauko. Sannan ya gaya mini abin da na fi tunawa da shi a duk hirarmu. Wai wannan fuskar ba ta mutumin ba ce. Babu wanda ya zana shi yana raye. Da aka tashi yi masa mutum-mutumi bayan ɗaruruwan shekaru, sai maƙerin ya ƙirƙiro fuskar da yake ganin ta dace da mai buga littafi. A Lviv ma, inda mutumin ya ƙare rayuwarsa bayan hassada ta kore shi daga Mosko, sun yi masa wani babba yana tafiya da littafi a hannu, da tasa fuskar daban. Dutsen da aka rubuta sunansa a kan kabarinsa kuwa ya ɓace tun tuni.

Na ce, "To Kawu, tunda fuskar ba tasa ba ce, mene ne na ƙin sare ta?"

Ya dube ni kamar ɗalibin da ya ba da amsa daidai a lokacin da ba a tambaye shi ba. Ya ce, "Je ka ci tuwo."

Yana da tarin katuna masu hotunan irin waɗannan gumaka, waɗanda ya sayo a can da waɗanda tsofaffin abokan karatu suka aiko masa. Su Inna ba ta yaƙe su ba, ta ce takarda ce, kuma suna cikin akwati. Idan yana cikin nishaɗi sai ya baje su a kafet ya yi mini darasi, ni da nake karɓar albashi don yin darasi. Ya raba su aji-aji bisa yadda suke riƙe littafi. Akwai masu ɗaga shi sama, ya ce waɗannan 'yan siyasa ne suka ba da kwangilarsu. Akwai masu rungume shi a ƙirji, ya ce su ba su karanta ba, tsoron a ara suke yi. Akwai wasu 'yan'uwa biyu da ke tsaye gaban babban ɗakin karatu a birnin Sofiya, waɗanda aka ce su suka tsara wa mutanen yankin haruffa. Waɗannan yana girmama su, sai dai yana tausayinsu, wai tsayuwa kusa da ɗan'uwanka dare da rana ba tare da kun yi faɗa ba sai tagulla. Akwai na garin Polotsk da ya yi tagumi da littafi a hannu, wanda aka ce a ƙarshen rayuwarsa ya koma aikin lambun wani sarki a Prague. Kawu ya ce shi ne mai hankalin cikinsu, don itace ba ya dawo maka da shafi ya ce ka tsallake layi.

Da wayar zamani ta zo, ya gano cewa a wannan garin na Polotsk har harafi guda aka gina wa hasumiyar tunawa, wani harafi da suke alfahari da shi a rubutunsu. Ya yi mako yana maganar. Ya tambayi duk wanda ya zo gidan, in za a yi wa harafin Hausa ɗaya gini a Kano, wanne za a zaɓa? Ammu ya ce a fara gyara kwata tukuna.

Musunsu da Ammu ya fi shekara talatin, kuma kusan kullum a kan abu ɗaya. Kawu kan zauna a shagon ɗinkin bayan la'asar, Ammu na taka keke.

"Ya zol," in ji Ammu, wato ya kai mutum a bakin 'yan Sudan, "mutumin nan naka littafin coci fa ya buga. Kana Madina kana ajiye da limamin Nasara a saman kanka."

"Sana'arsa nake gaisarwa, ba aƙidarsa ba. Kai wa ya ƙirƙiro keken da kake takawa? Liman ne a Omdurman?"

"Ni ban ajiye hotonsa ba."

"Sunansa na rubuce da ruwan gwal a gaban keken, kana shafa shi da tsumma kowace safiya."

Ammu ya ƙara wa keken gudu don kada a ji amsar da ba shi da ita.

Abin da ke ci masa rai a ƙasan duk wannan raha, ina jin, tambaya ce da bai taɓa samun amsarta ba. Ta yaya ya fi kyau a tuna da mutum? Ya zauna a ƙasar da ake zuba wa mamaci tagulla, sannan ya zauna a garin da mafifitan mutane ke kwance a Baƙi'a ba suna ba alama, sai ɗan dutse a kan tudun ƙasa. Bai taɓa cewa ɗaya ya fi ɗaya a gabana ba. Yakan dai ɗauki littafi ya fara buɗe shafin ƙarshe, inda ake rubuta wanda ya buga, ya karanta sunan a hankali, sannan ya koma farko. Ya ce rashin ladabi ne ka shiga gida ba ka gaisa da wanda ya gina shi ba.

Wata rana a lokacin aikin hajji ya tarar da wani tsoho a bakin titi kusa da Masallacin Ƙuba, ya ɓace wa ayarinsa, yana ta magana ba mai gane shi. Kawu ya ji Rashanci ne. Ya matsa ya yi masa sallama da harshen, da karin Kano a kai. Tsohon ya kama hannunsa ya ƙi saki. Kawu ya kai shi gida, Inna ta zuba masa tuwo, ya ci da cokali cikin ladabi irin na wanda ya miƙa wuya ga ƙaddara. Ina gidan a ranar. Tsohon ya ɗaga kai ya ga mai hula, ya yi tambaya, Kawu ya yi masa bayani. Sai tsohon ya yi dariya ya ce ai shi a Mosko ya yi aikin tuƙin bas, ya wuce babban ba adadi, bai taɓa sanin ko wane ne ba, ya ɗauka wani malamin lissafi ne. Ya miƙe zai ɗaga hular ya ga fuskar. Kawu ya riƙe masa hannu, ya ce a bar bawan Allah ya huta, uwar gida ba ta so.

Bayan ya raka shi har masaukinsu ya dawo, ya zauna. Sannan ya ce mini, "Ka ji amfanin tagulla. Tattabarun garin sun san shi sarai. Direban bas ne bai sani ba."

Kowace safiya kuwa akwai karatun da ba a fashi. Inna za ta kawo shayi ɗakin, ta ɗaga kai ta ce, "Alhaji, baƙonka bai gaji da baƙunta ba?"

"Hajiya, ai takardunsa ba su fito ba."

"Ranar da na gaji zan ba masu gwangwan shi."

"Sai ki haɗa da ni, a auna mu tare."

Haka na tarar ana yi, haka 'ya'yansu suka taso suna ji. A watanninsa na ƙarshe da ƙafa ta ƙi, ya ce a mayar da gadonsa ɗakin littattafan. A nan ya cika, ƙarƙashin kantar.

A dare na biyu na makoki, bayan an sallami mutane, babban ɗansa ya ja ni gefe. Taubashina ne, ɗan namiji da ɗan mace, amma a nan aka haife shi, bai san wasan taubasai ba. Duk lokacin da na ce masa bawana sai ya dube ni kamar zai kira lauya. Yana jin Hausa tsaf, da Larabci yake amsawa. A daren bai ko bari na tsokane shi ba.

Ya ce bai yi barci ba tun jiya. Shi ne ya riƙe kan mahaifinsa lokacin da rai ke fita, yana laƙƙana masa kalmar shahada, kuma bai tuna da abin da ke saman kanta ba. Da ya tuna, da ya fitar da shi ko da minti ɗaya ne kafin lokacin. Yanzu ga shi an ce mala'ikun rahama ba sa shiga. Ya tambaye ni, ya ustaz, su wa suka karɓi ran babana?

Na karanta littattafai da dama, wasu ma na koyar da su, sai na shiga lalube a cikinsu. Na ce rahamar Allah ta fi ɗaki faɗi. Ya ce ya sani, amma. Na ce malamai sun yi saɓani a kan abin da aka rufe. Ya ce shi ba saɓani yake nema ba. Ya ce da an tashi makoki zai kawo zarto ya yi abin da ya kamata a yi tun kafin a haife shi, ko ba komai a daina rubuta wa tsohon zunubi. Ya roƙe ni in zo, don yana jin nauyin yi shi kaɗai.

Na amsa, kuma ba zan ɓoye ba, rabin abin da ya kai ni son ganin fuskar nan ne karo na biyu. Ina so in ga ko har yanzu yana neman kuskurensa.

Washegarin tashin makoki na isa da hantsi. Taubashina ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya ajiye sabon zarton ƙarfe, da takardar shago manne a jikinsa. Inna na zaune a falo bayan labulen ƙofar ɗakin, tana takaba. Na gaishe ta, ta amsa. Ya gaya mata abin da zai yi. Na zaci za ta ce alhamdu lillahi, yaƙin shekara kusan arba'in ya zo ƙarshe ba tare da ta harba ko kibiya ba. Sai ta ce, "To."

Ya hau kujera ya sauko da shi da hannu biyu. Hular bana ruwan ƙasa ce. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ja ta sama.

Babu kai. A kan kafaɗun, inda wuya ya ƙare, goriba ce guda ɗaya, an soke ta a kan ƙusa. An goge yankan da kyau har ya yi santsi, kuma tagullar wurin ta daɗe da yin duhu kamar sauran jikin.

Muka tsaya muna kallon goriba. Ni dai na ji kunya ta kama ni, kamar na buɗe ƙofa na tarar da babba yana sauya riga.

"Ummi," in ji taubashina. Ya tambaye ta wa ya yi wannan.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Ubanka mana. Wa ke da zarto a gidan nan?"

Ya ce yaushe?

"Shekarar da na yi ciwon nan mai tsanani, kana firamare. Aka dawo da ni daga asibiti ina ganin ba zan tashi ba. Na ce masa, Alhaji, ba da wasa nake ba yau, ka fitar da baƙonka, ina so in na tafi a samu masu shigowa. Ya tashi ya fita. Da azahar ina kwance na ji ƙarar zarto a saman bene. Ya daɗe yana yi, bai iya ba. Har ya yanke yatsa, ya ce mini injin wurin aiki ne."

Na ce, "Inna, kenan kin sani tun lokacin?"

"Malam, wa ke sauya hular?"

Wannan tambaya ce da ya kamata malamin makaranta ya yi wa kansa tun a kan hanya.

"Da na warke, sallar layya ta zo, na hau kujera na ga goriba. Na sa masa sabuwar hula na sauko. Da safe na kai shayi na ce baƙonka bai gaji ba? Ya ce takardunsa ba su fito ba. Muka ci gaba."

"Shi ya san kin sani?"

"Da ƙwari suka cinye ta farkon, ni na sayo wata a shagon 'yan Sudan na sa. Ta fi waccan girma. Yana kwance yana kallon kantar nan kullum, mutumin da ke ganin ɗigo ɗaya da ya ɓace a allon shago. Bai taɓa tambaya ba."

Na ce to me ya hana ɗayanku ya faɗa?

Na ji ta gyara zama a bayan labule. Sannan ta ce, "Mutum ya yi maka abu a ɓoye don kada ka ga ya sauko, sai ka tona shi? Ban da haka ma, in an faɗa, me za mu ce wa juna da safe? Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan?"

Taubashina bai ji rabin wannan ba. Yana zaune dirshan a kan jaridar, yana shafa wurin yankan da babban yatsa. Ya tambaye ta, da Larabci, sau biyu, ko ta tabbata tun yana firamare ne. Ta ce ta tabbata. Ya ce kenan ranar Talata babu komai a ɗakin nan. Ta ce babu komai sai littattafai da goriba da kai. Sai ya kifa fuskarsa a tafin hannunsa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Tun ranar rasuwar ban ga ya yi kuka ba, yana ta hidimar kujeru da gahawa. Muka ƙyale shi.

Ni kuwa, da yake hali ba ya barin mai shi ko a gidan makoki, na matsa kusa da labule na tambayi abin da ke cina. Ina kan?

Inna ta ce ba ta sani ba, ba ta tambaya ba. Na duba akwatin katunan daga baya, da izininsu, babu. Na tambayi Ammu, ya buɗe baki ya kasa rufewa, sannan ya fusata, wai shekara da shekaru ana sa shi musu a kan goriba. Ko Kawu ya jefar da shi, ko ya binne, ko ya ba wani maƙeri ya narka, babu mai gaya mini. Mutumin da ya ƙi sare kai don malami ya faɗa, ya ƙi don hujjar da ni na kawo masa da bakinsa, ya hau bene da azahar ya sare don mace ɗaya ta kwanta da kwanciyar hankali. Wannan na gane. Inda ya kai kan ne ban gane ba, kuma ina jin haka ya so.

Da taubashina ya natsu, ya share fuska, ya naɗe zarton a jarida. Ya ɗaga mutumin tagullar ya rasa inda zai nufa da shi. Ya tambayi mahaifiyarsa ko ya kai shi sito, tunda yanzu ba a buƙatar rufe shi.

Labulen ya motsa kaɗan. Hannunta ya fito, ta nuna saman kanta.

"Mayar da shi inda yake. Ka sa masa hularsa, ka ja ta sosai. Gobe da safe zan kawo shayi ɗakin nan, ina da abin da zan tambaye shi."

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya yalwata masa makwancinsa a cikin maƙwabtan da ya samu, Ya ba Inna haƙurin safiya.